Ƙanƙarar Alƙahira da Irin Geron Baba

A gidanmu ba a zagin ruwan sama. Ka zagi jaki, ka zagi gwamnati, in ranka ya ɓaci sosai ka zagi maƙwabci a cikinka, amma ruwa kam a'a. Ko katanga ya rusa maka, in aka ce "Ya ruwa?" amsar ɗaya ce: "Ya yi gyara." Ni a kunnena na koyi wannan darasi. Ina yaro, wata rana ruwa ya hana mu buga ƙwallo, na tsaya a bakin zaure na ce, "Kai, wannan ruwa ya dame mu!" Baba yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Sai kawai ya miƙo hannu ya murɗe mini kunne, ya koma kan aikinsa. Har yau in hadari ya haɗo, kunnen hagun nan ne ke fara sanar da ni.

Baba manomi ne, kuma duk abin da ya mallaka babu wanda yake ji da shi kamar irin geronsa. Wani gero ne mai doguwar zangarniya da ya gada a wurin kakana, shi ma kakan gada ya yi. Kowace kaka sai Baba ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi ƙoshi, ya ɗaure su dami-dami, ya rataye a ɗakin girkin Inna, inda hayaƙi ke korar ƙwari. Malaman gona sun sha kawo masa sabon iri mai saurin nuna. Yakan karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da addu'a, in sun tafi ya watsa wa kaji.

A shekarar da nake ba da labarinta ina Alƙahira ina karatun addini. Muna haya a hawa na ƙarshe na wani dogon gida a Hayyus Sabi', unguwar da ɗalibai suka yi wa yawa. Abokin ɗakina Bakano ne, ɗan cikin birni, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba sai dai ya gani a hannun mutane. Yana da murya mai daɗi da waya mai kyau, kuma ba ya barin ko ɗaya ta huta. Sai mai tsaron gidan, wanda a can ake ce wa bawwab, wani dattijo ɗan kudancin Masar mai ƙatuwar jallabiya. Mu muna ce masa Ammu, wato baffa, shi kuma kowannenmu "ya shekh" ne a bakinsa, ko da kuwa shara ya kama ka kana zubarwa inda bai dace ba.

Tsakiyar damina Baba ya sa aka kira masa ni a waya. Ya ce ruwa ya ɗauke tun gero yana shirin yin ciki, ganye ya fara nannaɗewa, an fita roƙon ruwa a filin idi har an gaji, sama ko gezau.

"Ku da kuke ƙasar annabawa, addu'arku ta fi kusa," in ji shi. "Ka tara abokanka ku roƙa mana."

Na gyara murya irin ta ɗalibin da ya fara jin kansa, na ce, "Baba, ai Allah yana ji daga ko'ina."

"Na sani, Malam. Ka roƙa dai."

In Baba ya ce mini Malam, to ba girmamawa ba ce, jan kunne ne daga nesa. Na ce to.

Sallar roƙon ruwa a fili ake yin ta. Amma ka tara baƙaƙen fata baƙin haure a fili a Alƙahira, riguna a juye, hannuwa a sama, ai kafin ka sallame 'yan sanda sun zo jin bayani. Saboda haka muka hau rufin gidanmu da hantsi, mu 'yan kaɗan, tsakanin tankunan ruwa da faya-fayan tauraron ɗan adam da kashin tattabaru. Da yake ɗalibai ne, sai da muka fi ƙarfin rabin safiya muna gardama: ya halatta a roƙa wa wata ƙasa ruwa daga wata? Liman kaɗai ke juya riga ko har da mamu? Kafin huɗuba ko bayanta? Wallahi gardamar ta fi sallar tsawo nesa ba kusa ba. A ƙarshe Bakano ya ja mu sallar saboda muryarsa, muka tuɓe kaftani muka juya ciki waje kamar yadda ake yi a gida, aljihuna suna reto, rana tana gasa mana ƙeya.

Muna cikin haka sai ga Ammu ya hawo duba tanki. Ya tsaya ya ƙare mana kallo, ya dubi aljihunan nan a waje.

"Ya shekh, lafiya? Sata aka yi muku?"

"Ruwa muke roƙo, Ammu."

Ya ƙwanƙwasa tankin. "Ga ruwa cike. Injin yana aiki."

"Na sama muke nufi."

Ya ɗaga kai ya dubi sama, wadda ko tsinken gajimare babu. Ka san mutumin Masar, koginsa yana nan rani da damina, ruwan sama a wurinsa baƙo ne mai ɓata titi. Ya ce, "Nan? A kan rufina?"

"A'a, can ƙasarmu."

"To ku faɗi adireshin sosai," in ji shi. "Rufin nan yoyo yake yi."

Muka yi dariya har muka kusa ɓata addu'ar. Ruwa dai bai sauka a garinmu ba. Gero ya bushe a tsaye, abin da aka girba bai taka kara ya karya ba. Da na kira Baba na yi masa jaje, cewa ya yi, "Alhamdu lillahi, iri yana nan."

Sanyi ya fara shigowa Alƙahira lokacin da Inna ta ari wayar maƙwabciya ta kira ni. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta kama sunana, kuma ba ta saba kirana ba sam. Ina jin muryarta na san ba lafiya ba.

"Kai," in ji ta. "Mahaifinka ya mai da azumi sana'a."

Ta ce da Litinin da Alhamis ya fara. Sai ya ƙara da tsakiyar wata. Yanzu kuma yau ya yi gobe ya sha, wai lada yake tarawa. In an sha ruwa ya taɓa loma biyu ya tura wa ƙannena kwanon. Rumbu ya kusa ganin ƙasa, ana haɗawa da zogale da tafasa, wandonsa har ya fara zamewa yana ƙara ɗaure mazagi. Ga damman iri kuwa suna rataye a bisa kanta kullum tana girka ganye a ƙarƙashinsu. Ta yi magana, ƙanensa ya yi, liman ma ya yi, ya ce duk wanda ya taɓa irin nan bai yafe ba.

"Kai ne mai karatu. Ka faɗa masa da littafi. In ya mutu wa zai shuka irin?"

Na ce to, Inna. Kuma na yi aiki, kada a tauye mini haƙƙi. Na tattara hujjoji a kan cewa kare rai yana gaba da kare dukiya, na ja layi a ƙarƙashin maganganun malamai, na shirya jawabi mai gabatarwa da kammalawa. Na gwada shi a kan Bakano, ya ce ko dutse ne zai ci irin. Abu ɗaya ya rage, in danna lambar Baba. Kullum sai in ce gobe. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Ƙato da ni, da gemu, a wata nahiya, ina tsoron mutumin da ko tsayuwa mai tsawo ba ya iya yi a lokacin.

Ana nan sai sama ta canza. Sanyin Alƙahira dama mugu ne, domin gidajensu don zafi aka gina su, daɓen tayil, taga ba ta rufuwa da kyau, ba murhu ba gawayi. Aka kwana biyu ana yayyafi da iska, muna kwana da safa da hula. Wata safiya Bakano ya yaye mini bargo yana ihu.

"Tashi! Tashi ka ga ikon Allah! Mun zama Turawa!"

Na leƙa taga ina ƙunƙuni. Saman motoci ya yi fari fat. Bakin baranda, kan tankuna, har tulin sharar da ke ƙarshen layinmu, duk an lulluɓe. Daga baya masu iyayi suka yi ta gardama, wasu su ce dusar ƙanƙara ce ta gaske, wasu su ce ƙanƙara ce ƙanana kawai ta taru. Ni dai abin da na gani bai fi kaurin garin da ake barbaɗa wa fura ba, amma ya isa ya haukata unguwa. Yara sun fito da kayan barci suna jifan juna. Wata mata a barandar da ke kallon tamu ta rangaɗa guɗa. Tsofaffi suna rantsuwa tun da uwarsu ta haife su ba su taɓa gani ba. Direbobin ƙananan bas kuwa zagi suke ta dannawa, don titin ba shi da magudana, ya zama tafki, kowa ya maƙale. Mai shagon da ke ƙasan gidanmu yana murna yana ɗaukar hoto, yana kuma tsawwala kuɗin shayi a lokaci guda.

Bakano ya ja ni rufi, ina naɗe da bargo. Ya tattara ƙanƙarar da murfin tukunya ya gina wani ɗan mutum da bai fi kwalbar lemo tsawo ba, ya cire hularsa zanna ya kifa masa, ya ce wannan shi ne sabon limaminmu. Sannan ya zaro wayarsa, ya ce in ɗebo ƙanƙarar a hannu in yi murmushi. Na ce ba na yi. Ya ce kai ɗan ƙauye, wannan tarihi ne. Na ɗebo. Ban san lokacin da na kai baki ba, yadda muke yi muna yara in ƙanƙara ta zubo, mu bi ta da gudu muna tsinta muna tsotsa. Haƙorana suka ɗauka, na tuntsure da dariya, shi kuwa ya danna ya ɗauki hoton. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai da ruwan ya fara bin tsakanin yatsuna yana ɗiga a kan siminti na tuna gonar Baba, daɗin ya koma ciki.

Ba mu sauko ba sai ga Ammu, jallabiya a jiƙe har gwiwa, yana haki.

"Na ce ku faɗi adireshi! Ban ce ba? Na ce ko ban ce ba?"

Wai ruwa ya bi ta matakala ya cika ɗakinsa na ƙasa, matarsa tana kwalfewa tana tsine wa duk wanda ya jawo. Kuma shi ya san waɗanda suka jawo, da idonsa ya gan su. Bakano ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Ammu, ai watanni ke nan da muka roƙa."

"To a Masar kuke! Wace takarda ce ke fitowa a kan lokaci a nan? Yalla, maza ku juya rigunan yadda suke, ku ce a tsayar. Khalas, mun gode, ya isa!"

Da gaske yake yi, har da kama hannun rigata. Sai da muka ɗaga hannu muka yi 'yar addu'a sannan ya sauka yana mita.

Da muka koma ɗaki na tarar rufin da ya ce yana yoyo bai yi ƙarya ba. Ruwa ya ɗiga daidai kan littattafaina, kuma wanda ya fi jiƙa shi ne wanda na ja wa layi saboda Baba. Shafuka sun manne, tawada ta bazu. Raina ya yi mugun ɓaci. Na buɗe baki zan faɗi abin da ke cikina game da wannan ruwa, sai kunnen hagu ya yi zafi, na haɗiye.

Washegari gas ɗinmu ya ƙare, mai kawowa kuma bai fito ba, sai na nufi Arba wa Nus neman abinci. Unguwa ce ta talakawa a gabashin gari inda 'yan Sudan suka yi yawa. A can akwai wata Hajiya mai tuwo, Bahaushiya haifaffiyar Sudan, wadda kakanninta suka bar ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka, hanya ta riƙe su. A unguwarsu ba wanda ya gina ɗan mutum. Farin abin ya narke tun jiya ya bar taɓo har idon sawu, mutane suna ta fito da katifu suna neman rana. Na tarar da Hajiya ta jera tukwane da robobi da kwanoni a tsakar ɗaki, kowanne yana karɓar nasa ɗigon, ita kuma tana tuƙa tuwo a lungun da ya rage.

Na ce, "Hajiya, ya ruwa?"

"Ya yi gyara, ɗana," in ji ta. "Mai gidan nan ne dai Allah ya isa tsakanina da shi."

Na yi mamakin jin amsar gidanmu a bakin matar da ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Wataƙila shi ya sa bakina ya buɗe. Ina ci ina ba ta labarin Baba da azuminsa da irinsa da jawabina da na kasa gabatarwa. Ta saurara tana kwashe tuwo, sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"A ina ya rataye shi?"

"A ɗakin girkin Inna."

Sai ta kama dariya. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, ta share ido da gefen mayafi. Na ji haushi, don ban ga abin dariya a yunwar mahaifina ba. Na tambaye ta, ta ce ba komai, ta ƙara mini tsokar nama, ta ce in ci abincina kafin ya huce.

Hoton kuwa ya yi tafiyar da ruwan ya kasa yi. Bakano ya sa shi a intanet, wani ɗan garinmu da ke aiki a Kano ya gani, ya tura wa mai cajin waya na bakin kasuwarmu, shi kuma ya nuna wa duk wanda ya zo karɓar wayarsa. Ga ni nan, naɗe da bargo, baki har kunne, hannu cike da ƙanƙara, a shekarar da rijiyoyin garinmu suka fara ja da baya. Da na ji labari na ce shi ke nan, na zama abin zagi. Kwana kaɗan sai ga kiran Baba. Na ɗauka.

"Malam! Ya ruwa?"

Muryarsa ta yi siriri, amma akwai farin ciki a cikinta irin wanda na daɗe ban ji ba. Ina tsaye a kan jiƙaƙƙiyar darduma, littattafaina a shanye a kan igiya, na ce, "Ya yi gyara, Baba."

"Na ga hoto. An ce ƙasar nan ba a ruwa?"

"Ba a cika yi ba."

"Kuma ƙanƙara ba a taɓa yi ba?"

"Haka tsofaffinsu suka ce."

"Allahu akbar. Ya shiga ƙasa? Ka tona ka gani?"

Na ce ban tona ba. Ya yi tsaki, ya ce wane irin ɗan manomi ne za a yi ruwa bai tona ba, in je in duba, zai sake kira. Haka na ɗauki cokali na sauko tun daga hawa na ƙarshe, na durƙusa a gindin wata 'yar bishiya da ke ƙofar gida ina tono. Ammu yana zaune a bencinsa yana kallona. Ya ce, "Yanzu kuma me za ku roƙa, ya shekh? Girgizar ƙasa?" Ban kula shi ba. Danshin bai kai taƙi ba, a ƙarƙashinsa busasshen yashi ne da ɓaraguzan siminti.

Da Baba ya sake kira na faɗa masa gaskiya. Ya ce, "To, ba na shuka ba ne. Amma ruwa ne." Na ga in ban yi magana yanzu ba, ba zan ƙara yi ba. Na rufe ido na fara jawabina. Na kawo gabatarwa, na shiga hujja ta farko, cewa malamai sun haɗu a kan rai yana gaba da dukiya, kuma wanda lalura ta kama ya halatta gare shi...

"Wa ya tambaye ka?"

Bai jira ta bakina ba, ya ci gaba.

"Na san ya halatta. Gerona ne, ba na sata ba. Kai ka roƙi ruwa, aka sauko maka da shi har tafin hannu a ƙasar da ba a yi, ka ɗauki hoto da shi kana dariya, sannan ka ce in ci iri? Hanya ya ɓata kawai. Wanda ya ɓata hanya ai yana tafe. In ya iso ya tarar na cinye irin, in ce masa me?"

Na ji an karɓi wayar, sai muryar Inna, a sanyaye.

"An gode, Malam."

Ta kashe. Ban taɓa jin godiyar da ta yi mini ciwo irin wannan ba. An aike ni in kwance, na ƙara ɗaurewa, kuma da haƙorana a waje. Na huce a kan Bakano, na ce shi da wayarsa Allah ya shirye su, muka yi kwanaki ba ma ga maciji. Watannin da suka biyo baya, duk lokacin da waya ta yi ƙara da lambar gida sai na yi salati kafin in ɗauka. Amma labarin da nake tsoro bai zo ba. Sai ma na ji an ce Baba ya rage azumi, ya ɗan murmure. Na tambayi Inna, ta ce wata 'yar uwarta ce take aiko mata da 'yar tsaba lokaci-lokaci, tana dama masa fura. Na yi wa wannan baiwar Allah addu'a a kowace sujada, ban ma tsaya tambayar wace ce ba.

Da muka sami dogon hutu na tafi gida, damina tana ƙofa. Na tarar da Baba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma yana kan ƙafarsa. Ban daɗe da zuwa ba ruwa ya sauka, irin na gaske, mai ƙamshin ƙasa. Da gari ya waye Baba ya tona a tsakar gida, hannunsa ya nutse har ya wuce wuyan hannu. Ya dube ni ya ce, "Ya iso. Sauko da iri."

Na shiga ɗakin girki na taka turmi. Inna tana durƙushe tana hura wuta, ta ba ni baya. Ina ɗaga damin farko na ji ba nauyi. Na biyu ma haka. Na fito da su tsakar gida, Baba ya kwance igiya. Zangarniyoyin waje suna nan lafiya lau, an jera su da kyau. Ciki kuwa kara ne zalla, an yanka daidai tsawo an cusa. Duk damman haka suke. A take na gane wace ce 'yar uwar Inna da na yi ta yi wa addu'a, na kuma gane abin da ya ba Hajiya mai tuwo dariya. An ba kura ajiyar nama, kuma kurar ga ta can tana hura wutar da ta riga ta kama.

Na ja da baya ina jiran tashin alƙiyama. Baba ya ɗauki kara ɗaya ya juya shi, ya dubi yankan wuƙar da ke jikinsa. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a ɗakin girki.

"Ƙwari sun yi ɓarna bana."

"Sun yi," in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba.

Ya ce in sussuke abin da ya rage. Bai cika ƙwarya ba. Sauran gonar sai da iri na kasuwa, irin wanda a da kaji ke ci.

Muna hanyar gona, shi da sungumi a kafaɗa, ni da ƙwarya, na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, kada ka ga laifin Inna."

Ya yi tafiya kaɗan. Sannan ya ce, "Tun kurɓin farko na gane. Geron da nake sha tun kafin a haifi uwarka, a ce mini na wata 'yar uwa ne?"

Na tsaya cik. "To hoton fa? Da ruwan da ka ce yana tafe?"

"Hoton ya yi mini amfani. Na riga na rantse a gaban mutane, dole in sami abin da zan riƙa faɗa musu." Ya gyara sungumin. "Kuma ai ga shi ya zo."

"Amma me ya sa ba ka yi mata magana ba?"

"In na yi magana dole in hana. In na hana kuma za ta bari, na san halinta."

Muka iso kusurwar gonar da ta fi riƙe danshi, inda ya zaɓa wa ɗan abin da ya rage. Ya sauke sungumi, ya tofa yawu a tafin hannu. Bai dube ni ba da ya ƙarasa maganar.

"Kuma, Malam, yunwa nake ji."

Ya fara sara, ni kuma na bi bayansa ina zubawa ina rufewa da diddige. Ya waiwayo ya ce in rage hannu, ba shi da yawa.